Kafin Manomi Ya Sayi Bindiga Saboda Biri

A ƙarshen daminar da ta wuce na je gaida kawuna a wani ƙauye da ke kudu da Garwa a arewacin Kamaru, a kan hanyar Ngaundare bayan an wuce Ngong, inda ya shekara fiye da ashirin yana noman masara da gyaɗa a gindin wani dutse. Ko ruwa ban gama sha ba ya ja ni zuwa gona domin in gane wa idona. A kunyoyin da ke daura da dutsen babu karan da ke tsaye daidai, ga goyon masara nan warwatse a ƙasa, kowanne an ɓare shi an gatsa sau ɗaya ko sau biyu an yar, irin aikin da babu mai yin sa sai gwaggon biri, wanda ɓarnarsa ta fi cinsa yawa. Jikokin Kawu biyu suna can bisa wata rumfa da aka kafa a tsakiyar gonar, ɗaya da gwangwani da sanda, ɗaya da majaujawa, alhali a wannan rana kamata ya yi a ce suna aji, tunda an koma makaranta tun farkon Satumba.

Kawu ya dube ni ya ce, "Kai ne mai karatu, kai ne mai waya. Ka bincika mini wace ƙaramar bindiga ce za ta raba ni da waɗannan la'anannu. Ba ta yaƙi nake so ba, irin wadda Turawa ke harbin zomo da ita a gonakinsu nake nufi." Ashe ɗansa ne ya nuna masa wasu hotunan bidiyo na manoman Amurka, kowa kwance da bindiga mai madubin hange yana ɗauke ƙananan dabbobi ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "To Kawu, zan bincika." Na kuwa bincika, kuma amsar da na kai masa ba ta yi masa daɗi ba. Ina maimaita ta a nan ne saboda tambayar ba tasa ba ce shi kaɗai, ana yin ta daga Mayo-Rai har gaɓar Logon, duk inda mutum ya yi noma dabba ta riga shi girbi.

Ra'ayina shi ne ƙaramar bindiga kayan aiki ce ta gaskiya, tana da gurbinta a harkar noma, amma gurbin nan ƙarami ne ƙwarai, kuma a ƙasa irin tamu hannun da ke riƙe da ita ya fi samfurinta muhimmanci. Da a ce kowane manomi ya rataye bindiga a bukkarsa, gara kowane gari ya samu maharbi ɗaya ko biyu da kowa ya sani, masu takardar izini, masu horo, waɗanda za a kira idan ɓarna ta taso.

Abin da masu bidiyon nan suke riƙe da shi galibi bindiga ce mai cin harsashin da ake kira .22 Long Rifle, wanda wani kamfanin Amurka mai suna Stevens ya fito da shi a 1887, kuma har yau yana cikin harsasan da aka fi sayarwa a duniya saboda araha. Faɗin kansa bai kai milimita 6 ba, nauyinsa kamar giram 2 da rabi, yana fita daga bakin bindiga da gudun da ya haura mita 300 a daƙiƙa guda. Ba ya da ƙara mai firgitarwa, ba ya dukan kafaɗa, shi ya sa a can ake koya wa yara harbi da shi. A hannun wanda ya iya, yana kashe zomo ko kurege nan take daga nisan mita 50 zuwa 70. Waɗannan su ne abubuwan da mai talla zai gaya maka, kuma bai yi ƙarya ba.

Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne gargaɗin da ake bugawa a jikin kwalin harsashin, cewa yana da haɗari har nisan mil ɗaya ko mil ɗaya da rabi, wato daga kilomita ɗaya da rabi zuwa sama da biyu. Manomin da ke cikin bidiyon yana iya waiwayawa gabas da yamma bai ga rufin kowa ba. Mu kuwa gonakinmu a manne suke da juna, iyakar wani ita ce farkon ta wani, kuma tsakanin gona da gona akwai burtali, akwai hanyar rijiya, akwai yarinyar da ta sunkuya tana tsintar itace, akwai ɗan Fulanin da ya kwanta a inuwar kanya shanunsa na kiwo. A damina dawa da masara sun fi mutum tsawo, ba ka ganin abin da ke taku goma gaba da kai. Wanda ya ɗaga bindiga ya auna biri a kan reshe, idan ya kuskure, harsashin ba ɓacewa yake yi a sama ba, sauka zai yi a wani wuri da maharbin bai zaɓa ba.

Akwai kuma wata halayya ta wannan harsashi da na taɓa gani kusa da kusa. Shekarun baya, a wajen Marwa, lokacin da karal, wato filin laka da ake noman rani a cikinsa, ya bushe ya tsattsage bayan an yanke dawar muskuwari, wadda 'yan'uwanmu na Borno ke kira masakwa, wani baƙo daga birni ya fito da irin wannan bindiga yana neman zabin daji. Ya auna ɗaya a ƙasa ya kuskure. Muka ji wani fito siriri ya ratsa iska, sai kuma salatin wata mata daga can gefe, wajen da ko kusa ba nan ya auna ba. Da muka isa sai muka tarar da jakinta tsaye, ɗaya daga cikin jarkokin da ta ɗora masa tana tsiyayar da ruwa ta wata 'yar huda da ɗan yatsa ba zai shiga ba, ita kuma tana riƙe da igiyar jakin, tsakaninta da hudar bai fi kamu uku ba. Harsashin dalma ne mai laushi, idan ya daki ƙasa mai tauri ko dutse ko fuskar ruwa a karkace sai ya yi tsalle ya sake hanya, kamar yadda yara ke wurga fallen dutse a kogi yana tsallake-tsallake. Baƙon ya biya kuɗin jarka, ya ce tsautsayi ne, mutanen wurin ma suka ce tsautsayi ne, Allah ya taƙaita. Ni har yau ban yarda a kira shi tsautsayi ba, domin abin da aka rubuta gargaɗinsa a jikin kwali ya fita daga sahun abubuwan da ba a san za su faru ba.

Masu sha'awar bindiga za su ce ai akwai waɗanda suka fi shi. Akwai .22 Magnum da kamfanin Winchester ya fitar a 1959, mai ƙarfi fiye da na farkon, akwai kuma .17 HMR na kamfanin Hornady da ya fito a 2002, wanda kansa bai wuce giram ɗaya da 'yan kai ba amma gudunsa ya ninka na .22 sau biyu, kuma saboda wannan gudu yakan tarwatse idan ya daki abu mai tauri maimakon ya yi tsalle. Wannan alheri ne. Sai dai harsashinsa ya fi tsada, iska tana iya kautar da shi, kuma bindigar da sai an yi doguwar tafiya kafin a samo mata abinci sanda ce kawai mai nauyi. Ba na ganin wannan muhawara ta shafi manomin Kamaru ko Cadi sosai, don haka ba zan daɗe a kanta ba.

Bindigar da mutanenmu suka sani ita ce mai lamba 12, mai baki ɗaya, galibi ƙirar Baikal ta Rasha, wadda ke watsa ƙwayoyin dalma da yawa a harbi guda. Ta fi .22 ƙara da dukan kafaɗa, amma ƙananan ƙwayoyinta suna rasa ƙarfi su zube cikin 'yan ɗaruruwan mitoci, don haka ta fuskar maƙwabta ta fi sauƙin haɗari daga nesa, ko da yake daga kusa ɓarnarta ba ta da kyan gani. Sai bindigar toka, wadda maƙera ke haɗawa, da ake yi wa kirari da harba-ka-ruga, wadda kowa ya san wani da ta fashe a hannunsa. A ƙasan su duka kuma akwai bindigar iska, mai ƙwayar milimita 4.5 ko 5.5, wadda ba ta amfani da albarushi ko kaɗan. Ƙwayarta ba ta cika wuce giram ɗaya ba, amfaninta yana ƙarewa a mita 25 zuwa 30, kuma a wannan nisa tana maganin kurege da gafiya da hasbiyar da ta addabi shanya. Ita ma tana tsone ido, tana iya kashe yaro, ba abin wasa ba ce. Amma idan da gaske ƙananan dabbobi ne damuwar mutum a kusa da gida, ita ce ta fi dacewa da cunkoson ƙauyukanmu.

Yanzu sai a tambaya, su wane ne ma ke cinye mana amfanin gona? A nan ne lissafin Kawu ya fara wargajewa. Zomo da kurege da gyazbi da tunkun da ke ɗauke 'yan tsaki, waɗannan su ne sa'o'in ƙaramar bindiga, amma ban taɓa jin manomin da ya yi hijira saboda kurege ba. Beguwa da gafiya da dare suke fita, kuma farauta da fitila cikin dare abu ne da dokar namun daji ta 1994 ta haramta. Ɓera a rumbu aikin kyanwa ne da tarko da gyaran gindin rumbun. Manyan maɓarnata daban suke.

Ɗauki jan baki, wanda masu shinkafar Yagwa da Maga da masu dawar filayen Jamare suka fi kowa sanin sharrinsa. Tsuntsu ne da nauyinsa yake kamar giram 20, amma masana suna lissafa shi a matsayin tsuntsun daji mafi yawa a duniya, ana ƙiyasta yawansa da biliyan ɗaya da rabi, kuma idan garkensa ya taso sai ka ɗauka hayaƙi ne. Wanda ya tunkari wannan da bindiga mai harsashi ɗaya, ko da bai taɓa kuskure ba, kafin ya kashe ɗari an gama da gonarsa. Hukumomi kan bi shi ne da feshi a makwancinsa da dare, a Cadi kuwa akwai masu kama shi da raga a yankin tafkin, suna soyawa ko busarwa su kai kasuwannin Injamena, wanda a ganina ya fi feshin guba hankali, tunda tsuntsun da ya ci hatsin mutane shi ma ya koma cikin tukunya. Ɗauki gadu, wanda namijinsa ke haura kilo 60, ga fata mai kauri ga ƙoƙon kai kamar turmi. Harsashin .22 ba zai kayar da shi ba sai dai ya ji masa rauni, ya tafi ya ruɓe a rami ko ya juyo kan mai harbin. Dorinar Binuwai da giwayen da ke fitowa daga gandun dajin Waza su gangara kudu cikin gonakin mutane kuwa, wanda ya harbe su da ƙaramar bindiga ya tsokano abin da ba zai iya tarewa ba, kuma sau da yawa ba shi ne zai biya ba, wani ne da zai gamu da dabbar da ciwo a jikinta washegari.

Saura gwaggon biri, abokin gabar Kawu, kuma shi ne mai wuyar sha'ani. Babban namiji yakan kai kilo 25 ko fiye, da fiƙoƙi kamar na kare. .22 na iya kashe shi idan aka same shi daidai a ka daga kusa, amma biri ba ya tsayawa a auna shi, kuma abin da ya fi faruwa shi ne a same shi a ciki ko a cinya ya ja jiki ya hau dutse yana kururuwa irin ta mutum kwana biyu kafin ya mutu. Wanda ya taɓa jin wannan kuka ba ya son ya sake ji, kuma addininmu da ya umarce mu da kyautata yanka bai ba mu izinin azabtar da dabba don ta ci masara ba. Bayan haka biri yana da wayo. Wani tsohon maharbi a garin su Kawu, da na tambaye shi, dariya ya yi ya ce, "Yaro, ka kashe ɗaya, sauran za su haddace rigarka. Ranar da ka fito da bindiga ba za ka ga ko jelarsu ba, ranar da ka tafi kasuwa ka bar mata da yara su ne za su yi maka girbi." Na ce, "To Baba, ke nan harbin ba ya da amfani?" Ya ce yana da shi, idan ana yin sa jefi-jefi, a lokacin da ba su zata ba, daga hannun wanda ba ya kuskure, har su ɗauki gefen nan na dutsen a matsayin wurin mutuwa. Wannan kuwa aikin gwani ne, ba na wanda ya sayi bindiga jiya ba, kuma ga babban biri ma gwanin zai so abin da ya fi .22 ƙarfi.

Ko da mun gama da dabbobi, akwai hukuma. Dokar makamai ta Kamaru mai lamba 2016/015, ta ranar 14 ga Disamba 2016, ta kasa makamai gida takwas, kuma bindigar farauta ba a saye ko riƙe ta sai da izinin ministan harkokin cikin gida, wanda ya riƙe ta babu izini kuwa gidan yari ke jiransa. A watan Afrilu na 2018 ministan harkokin cikin gida Paul Atanga Nji ya dakatar da sayar da bindigogi da harsasai a jihohi shida, har da Adamawa. Ta ɓangaren namun daji, dokar 1994, wadda aka yi aiki da ita shekara 30 kafin sabuwa ta gaje ta a watan Yuli na 2024, ta raba dabbobi aji uku, A da B da C, na farkon ba a taɓa su sam, ta kuma hana farauta da guba da wuta da bindigar toka. Ta yarda mutum ya kashe dabba don kare kansa ko dabbobinsa ko amfanin gonarsa, amma da sharaɗin ya kai hujja wurin jami'in gandun daji mafi kusa cikin awa 72. Farautar gargajiya da aka bar wa talaka ba tare da lasisi ba kuwa, an fassara ta da wadda ake yi da kayan da aka haɗa daga tsirrai. Manomin da ke tunanin bindigar ƙarama ce don haka ba za ta dami kowa ba, bai san jandarma ba. A shingen bincike babu wanda zai tsaya auna faɗin bakinta.

Ba kuma za a ce hukuma ba ta da dalili ba. Tun da 'yan Boko Haram suka sace wani iyali na Faransawa kusa da Waza a watan Fabrairu na 2013, jihar Arewa Mai Nisa ba ta sake zama yadda take ba. Kafin Boko Haram akwai zargina masu tare hanya, bayansu ga masu satar mutane don kuɗin fansa a Mayo-Rai da Tuboro da Adamawa. A farkon 2012 mahaya dawakai ɗauke da bindigogin yaƙi sun kashe giwaye ɗaruruwa a gandun Buba Njida. A 2021 rikicin ruwa tsakanin Musgum da Larabawan Shuwa a Logon-Birni ya kori dubun dubatar mutane suka tsallaka Cadi. A irin wannan ƙasa, bindiga a bukkar gona abin nema ce ga ɓarawo, abin zargi ce ga soja, kuma ranar da shanu suka shiga gona rai ya ɓaci, ita ce mafi kusa da hannu. Faɗan manomi da makiyayi da a da ke ƙarewa da rotse da zaman sulhu a gaban jauro, wato mai gari, idan akwai bindiga a wurin ƙarewa zai yi da gawa, kuma .22 da ake raina wa ƙanƙanta tana kashe mutum sarai.

Duk da haka ba na cikin masu cewa manomi ya yi haƙuri kawai, domin haƙuri ba ya cika rumbu. A jihar Arewa, gandayen Binuwai da Buba Njida da aka ayyana a 1968, da na Faro da ya biyo baya a 1980, tare da yankunan farauta da ke kewaye da su, sun cinye fiye da kashi 40 cikin 100 na ƙasar jihar, a daidai lokacin da tun daga shekarun 1970 gwamnati da kanta take ƙarfafa mutane su sauko daga arewa su zauna su yi noma a kwarin Binuwai. A waɗannan yankunan farauta baƙo daga Turai zai zo da babbar bindiga da takardunsa cif ya harbe ɓauna don ya rataye ƙahonta a falo, shi kuwa wanda ke kwana a gona a bayan iyakar ba shi da ikon korar biri da abin da ya wuce majaujawa. Doka ta ba hukuma damar shirya kora ko harbin dabbar da ta zama barazana, amma kafin takarda ta tashi daga jauro zuwa lawan zuwa lamido zuwa kantoma ta isa inda za a sa hannu, an riga an yi ihu bayan hari.

Manomin da aka bari haka kuwa ba zama yake yi ba, guba yake sa wa. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da na sani ta goyon bayan bindiga mai izini. Maganin ƙwari da aka saya don auduga shi ake barbaɗawa a goyon masara ko a mushe, kuma guba ba ta tambayar sunan wanda ya ci. Tana kashe birin, ta kashe karen maƙwabci, ta kashe dila, ta kashe ungulun da suka sauka a kan gawar, wani lokaci naman ma ya biyo ta kasuwa. Ungulun da muka taso muna gani a kowace mahauta, tun 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya, kuma guba tana cikin manyan dalilai. Harsashi ɗaya daga hannun gwani yana ɗauke dabba ɗaya da aka nufa, abin da cokalin guba ba zai taɓa yi ba.

Shi ya sa nake cewa a koma ga abin da muke da shi tun asali a gyara shi. Garuruwanmu sun san Sarkin Baka da maharbansa, mutanen da suka san sawu da iska da lokacin fitar kowace dabba, kuma suna ƙarƙashin idon sarauta. Me zai hana kowane lawan ya gabatar da mutum ɗaya ko biyu da gari ya amince da halinsu, hukuma ta tantance su a matakin gunduma ba sai takarda ta kwana shekara a Yawunde ba, a ba su horo na 'yan makonni? Wurin horon ma ba sai an nema ba, ga makarantar namun daji ta Garwa nan tun 1970 tana koyar da jami'ai daga ƙasashen Afirka da dama, ba zai gagare ta koya wa maharbin ƙauye bambancin dabbar aji A da ta aji C ba, da ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci, wato kada ka taɓa kunamar bindiga sai ka ga tudu ko gaɓa ko ƙasa mai laushi a bayan abin da ka auna.

Ga irin wannan maharbi ne tambayar Kawu take da amsa. Ya zaɓi .22 mai sakata, wadda sai an ja an tura da hannu bayan kowane harbi, irin ƙirar CZ ta ƙasar Cek da makamantanta, ya bar mai sarrafa kanta irin Ruger 10/22 duk da farin jininta a Amurka. Mai sakata ba ta da tarkace da yawa da ƙurar hunturu za ta cushe, kuma jinkirin da take tilasta wa mai ita tsakanin harbi da harbi lokaci ne na tunani. Madubin hange mai ninki huɗu ya wadatar, wanda ya fi haka yana kawo abin da aka auna kusa amma yana ɓoye abin da ke gefensa. Bindigar ta kwana a akwati mai kwaɗo, harsashi a wani wuri daban, a kuma riƙa rubuta kowane harsashi da aka harba da abin da aka harba a littafin da jauro da jami'in gandun daji za su iya dubawa. Idan naman na ci ne, a yanke inda harsashin ya bi a zubar, domin dalma guba ce, musamman ga yara da masu juna biyu. Babban biri da gadu a bar wa mai lamba 12 ko jami'ai, dorina da giwa kuwa ba aikin kowa ba ne sai hukuma, kuma hukumar ta zo cikin kwana biyu ba wata biyu ba.

Na san za a ce maharbin nan zai iya zama ɗan farautar sata, ko ya ba da hayar bindigar ga miyagu. Zai iya. Amma mutum ɗaya mai suna a littafi, mai lambar bindiga a ofis, mai harsasai ƙidayayyu, ya fi sauƙin sa wa ido a kan bindigogin toka arba'in da ke ɓoye a jinkar ɗakuna yanzu haka, waɗanda kowa ya san da su ban da takarda.

Da na gama zayyana wa Kawu duk wannan a ƙofar gida bayan sallar isha'i, ya daɗe bai ce komai ba. Sai ya tambaye ni wa zai biya maharbin. Na ce masu gonakin gindin dutsen, kowa tiya biyu ko uku a kaka, kamar yadda suke haɗa wa mai gadin rumbunan gari. Ya lissafa su da yatsu, ya ce mutum goma sha ɗaya ne, uku a cikinsu ba za su bayar ba, ya kuma faɗi sunayensu. Ya ce baɗi zai janye masarar daga dutsen ya sa barkono a kunyoyin gefe, zai nemo karnuka biyu, zai kuma yi wa jauro maganar maharbin idan an haɗu ranar Juma'a, ko da yake bai ga alamar kantoma zai kula ba. Na ce to yaran fa, Kawu, yaushe za su koma aji? Ya ce sai an kai masara gida, saura kwana goma sha biyu.